Walimar sauka a harabar gida: manya da yara wuri ɗaya, ku ba ni shawara

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema. Khalifa zai yi sauka, makarantarsu ta sa bikin ranar Asabar ta biyu a watan Yuli, mu kuma muna so mu yi walima a gida washegari Lahadi. Mun tambayi kuɗin hol a nan Agege, Baban Khalifa na jin kuɗin ya ce a bar maganar. Gidan da muke haya fulat huɗu ne, mai gidan Bayarabe ne, yana zaune a sama. Akwai fili ta baya da aka shimfiɗa wa intalok, zai ɗauki rumfa biyu idan an matsa. A lissafina manya 50, yara kamar 40. Abincin manya bai dame ni ba sosai. Yaran ne damuwata: ina za a ajiye su, me za su ci, me zai riƙe su kada su hargitsa wa mutane gida?

Abba Obalende: Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka, ya sa mai amfani ne. Anti, manya 50 a Agege? Ai kin ƙirga dangin Baban Khalifa ne kawai. Ranar da hayaƙin tsire ya tashi za ki ga 'yan uwan da rabonki da su tun kina amarya.

Hajiya Binta mai abinci: Barka Maman Khalifa, Allah ya raya mana shi. Maganar Abba wasa ce amma gaskiya ce. Ni da sana'ata ke nan, in uwar biki ta ce mini 90 to na 130 nake dafawa, kuma da wuya ya yi saura. Matsalar ba ta manya ba ce. Kin gayyaci mace ɗaya, za ta zo da 'ya'yanta uku, da 'yar riƙo, da ɗan maƙwabciya da ya yi kuka sai an zo da shi. Ga 'yan ajinsu Khalifa, waɗanda ba wanda zai aika musu kati amma duk sun san ranar. Ki ɗauka yara za su fi manya yawa, ki gina komai a kan haka.

Baban Ummi Mile 12: Ni tambayata ɗaya kafin a kai ga abinci. Me ya sa Yuli? Yuni da Yuli su ne tsakiyar ruwan Legas. A ɗaga walimar zuwa Agusta mana, lokacin da ruwa kan ɗan tsagaita, kuma yara suna dogon hutu.

Maman Khalifa: Yaya Baban Ummi, kakarsa za ta zo daga Funtuwa saboda saukar, ba za ta zauna har Agusta ba. Kwana uku in ta yi a Legas take fara cewa zafi da sauro sun ishe ta.

Baban Ummi Mile 12: To shi ke nan, ba a ja da Hajiya. Amma ki sani tumatir da tattasai a wannan lokacin wuta suke. Na noman rani daga Kano da Katsina da Kaduna ya ƙare, na damina bai kankama ba, abin da ke shigowa kasuwa kaɗan ne kuma ga ruwa. Ki nemi busasshen tattasai da busasshen tumatir tun yanzu, ki haɗa da na gwangwani, ɗanyen ki sayi kaɗan don ƙamshi. Albasa ki saya da wuri ki baza ta inda iska ke shiga, kada ki bar ta a buhu, laimar garin nan ruɓar da ita take yi. Kuma kada ki zo mana kasuwar Mile 12 ranar Alhamis da sassafe, ana tsaftar kasuwa, sai ƙarfe goma ake buɗewa.

Goggo Asabe: 'Yata, duk ku dakata. An fara lissafin tumatir ba a yi maganar mai gida ba. Ni a Agege aka haife ni, a nan na aurar da 'ya'yana, na san halin zama da Yarbawa. Ba su ƙi biki ba, ai sun fi mu son sa. Abin da ba sa yafewa shi ne su wayi gari su ga ana kafa rumfa a gidansu ba a gaya musu ba. Baban Khalifa ya hau sama da kansa, ba a waya ba, ya gaishe da Baba yadda ake gaishe da babba, ya ce ɗanka ne ya sauke Alƙur'ani muna neman izini da albarka. Ya faɗa masa ƙarfe nawa za a fara, ƙarfe nawa za a tashi. Ke kuma ki bi sauran fulat biyun ki gaya wa matan. Ranar walima kulan farko da za a zuba, sama za a kai shi, kafin baƙonki ko ɗaya ya ci. In kika yi haka, wallahi matar mai gidan da kanta za ta sauko ta ɗaura zani ta kama miki aiki.

Malam Nura Alaba Rago: Goggo ta faɗi sunna. Manzon Allah (SAW) ya ce wa Abu Zarri idan ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya tuna da maƙwabtansa, hadisin yana cikin Muslim. Bai ce maƙwabci Musulmi kaɗai ba. In akwai Kirista a gidan shi ma a gayyace shi, a kai masa nasa.

Goggo Asabe: Zo mu ci tuwo ai ya fi tuwon daɗi, Malam.

Ummu Sultan: Ni dai ra'ayina daban. Maman Khalifa, ki raba abin biyu ki huta. Manya a gida, yara kuma ki sa a kwashe su a kai su wurin wasa su yi awa uku, a saya musu abinci a can. Mu a Ajah haka muke yi, don a estet ɗinmu ko rumfa ba a kafawa sai da takarda. Haɗa yara 60 da tukwane da janareto a fili ɗaya neman magana ne.

Sadiya Ketu: Anti Ummu Sultan, wa zai biya wa yara 60 kuɗin shiga? Wanda ya gudu daga kuɗin hol? 😂

Hajiya Binta mai abinci: Bayan kuɗi ma, wace uwa ce za ta saki ɗanta ɗan shekara huɗu a zuba shi a bas da wanda ba ta sani ba, a Legas? Kuma walimar ta yaro ce. In aka kwashe abokansa aka bar shi da tsofaffi suna shafa masa kai, me ya ci a ciki?

Ummu Sultan: To ai shawara ce. Amma ku ji abin da nas za ta ce, na san ba za ta goyi bayanku ba.

Anti Rabi nas: Ina nan ina karantawa. Ummu Sultan, ba zan ce a kwashe su ba, amma tsoronki yana kan hanya. Maman Khalifa, kafin ki biya kuɗin rumfa ki zagaya filin nan kina kallonsa da idon ɗan shekara biyu. Akwai rijiya? Murfin sokawe lafiyarsa ƙalau ko ya tsage? Gidajen haya da yawa a Agege da Mushin murfin nan siminti ne da ya daɗe, mutum biyu suna wucewa ba komai, amma yara ashirin su hau suna tsalle wani zance ne. Kada a kafa komai a kansa, a jera kujeru a kife a zagaye shi. Sai durom da bokitai. Ranar biki ana tara ruwa ko'ina saboda wanke-wanke, kuma ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai kai rabin bokiti ba, in ya faɗa da ka ba ya iya ɗagowa, ba kuma za ki ji ihu ba. Duk abin da ke da ruwa a rufe shi ko a kife shi.

Na biyu shaƙewa. Gyaɗa, alawa mai tauri, guguru, da balan-balan da ta fashe, kada su je hannun 'yan ƙasa da shekara huɗu. Ɓallin balan-balan ya fi ba ni tsoro don manne maƙogwaro yake yi. Tsire kuma a zare shi daga tsinke kafin a ba yaro. Yaro da tsinke a baki yana gudu, ba sai na ƙarasa ba.

Amma babbar maganata ita ce wannan. A taro kowa yana ganin yaro, ba mai kallonsa. Uwa ta ɗauka yana wurin yayarsa, yayar ta ɗauka yana wurin uwa. Ki ware mutum uku, manya masu hankali, ba 'yan shekara goma sha biyu ba, waɗanda ba su da aikin komai ranar sai yara. Ba rabon abinci, ba ɗaukar hoto, ba "ɗan miƙo min faranti". Ɗaya a get, biyu a wurin wasa. Ki ba su abincinsu tun kafin a fara, ki kuma sallame su da wani abu. Lambar gaggawa ta Legas 112 ce ko 767, a sa a waya.

Maman Khalifa: Innalillahi, Anti Rabi kin sa gabana ya faɗi. Akwai rijiya a kusurwa, murfin kwano ne kawai da dutse a kai.

Anti Rabi nas: To wannan shi ne aikin farko. Kwaɗo za a sa mata. In mai gida ya ƙi kashe kuɗin ku kashe, bai kai kuɗin kaji biyar ba.

Injiniya Bashir Apapa: Bari in ɗora a kan maganar Anti ta ɓangarena. Kada ki dogara da wutar layi ranar, ki shirya kamar ba za a kawo ba. Janareto a kai shi can nesa da rumfa da tagogin mutane, bakin hayaƙin ya kalli waje. Kuskuren da ake yi lokacin damina shi ne ruwa na saukowa sai a jawo shi cikin baranda ko ƙarƙashin bene. Hayaƙin nan akwai iskar da ba ta da wari ba ta da launi, ita ce ke kashe iyali guda a cikin barci, kowa a nan ya taɓa jin labari. A yi masa 'yar rumfarsa daban tun da wuri. Ba a ƙara masa mai yana aiki, a kashe ya huce tukuna. Wayoyin wuta kuma a ɗaga su sama a ɗaure a jikin ƙarfen rumfa da abin da ba ya ɗaukar wuta, kada a bar mahaɗa a ƙasa inda ruwa zai kwanta, yara kuma ba takalmi.

Sadiya Ketu: Tunda an zo kan wuta, Anti ki ɗauko katifar tsallen nan ta roba da ake hura wa iska. Ita kaɗai za ta riƙe miki yara har magariba. Sannan a samu DJ ko ƙarami ne, walima ba kiɗa ai kamar zaman makoki.

Malam Nura Alaba Rago: Sadiya, ki ji tsoron Allah. Yaro ya sauke Alƙur'ani a yi masa murna da DJ? Ina laifin a sa shi ya karanta, abokansa su karanta, malaminsu ya yi nasiha ta minti goma, a yi addu'a a ci abinci?

Sadiya Ketu: Allah ya gafarta Malam, ni ban taɓa ganin nasihar minti goma ba. In malami ya karɓi makirfo sai shinkafa ta huce.

Abba Obalende: Ta faɗi gaskiya Malam, a yi haƙuri 😂

Malam Nura Alaba Rago: Wannan kam na karɓa, muna da wannan halin. A gaya masa lokacinsa tun kafin ya zo, kuma a sa shi kafin abinci, yunwar jama'a za ta taimaka masa ya taƙaita. Amma DJ ban yarda ba. In mata suna so su yi nishaɗinsu bayan maza sun tafi, wannan tsakaninsu ne.

Injiniya Bashir Apapa: Ni ba ta fuskar Malam zan zo ba. Hukumar kare muhalli ta jihar, LASEPA, ta ƙayyade ƙara a unguwar zama: desibel 55 da rana, 45 da dare. Wannan bai wuce ƙarar hira ba. Ba wai za su zo gidanki da na'ura don walimar yini ɗaya ba, amma in maƙwabci ya kai ƙara doka tana bayansa, kuma ke 'yar haya ce. Ƙaramar sifika ɗaya mai caji ta ishi filin da bai wuce rumfa biyu ba. Katifar tsalle kuwa injin hura ta dole ya yi ta aiki ba tsayawa, in janareto ya mutu sai ta lotsa da yaran a ciki. Kuma ana kafe ta ne da turaku a ƙasa, ke kuma intalok gare ki, sai dai buhunan yashi. Iskar da ke zuwa gaban hadarin Yuli tana ɗaga rumfa, balle roba.

Anti Rabi nas: Kuma in manya da ƙanana suka shiga tare, ƙananan ne ke fitowa da kumburi. Ga ta za ta cinye rabin filin.

Sadiya Ketu: To duk kun kashe min baki. Sai ku faɗa mana me yara 60 za su yi daga azahar zuwa magariba. Kallon juna?

Goggo Asabe: Mu da muka taso ba roba ba DJ kallon juna muka yi? Ki ba ni tabarma uku da alli da igiya. 'Yan mata a zana musu 'yar gala-gala a kan intalok, ga carafke, ga tsallen igiya, ga gaɗa. Yaran Legas da yawa ba su iya gaɗa ba, sai ranar su koya, iyayensu ma za ki ga sun taso. A samu yarinya ɗaya mai lalle ta zauna a gefe, za ki ga layi, kuma wadda aka yi wa dole ta zauna shiru sai ya bushe, kin ga an samu rabin awa. Maza a yi musu langa in fili ya isa. Ƙwallo kam a hana, gilashin motar mai gida na nan. In rana ta yi sanyi a tara su a yi kacici-kacici da 'yar musabaƙa, wanda ya kawo surar da aka tambaya a ba shi fensir ko littafi. Khalifa ya zama alƙali tunda shi ne gwani. Ni zan zo, in Allah ya kai mu, tatsuniya kuma tawa ce.

Malam Nura Alaba Rago: Goggo, tatsuniya da rana?

Goggo Asabe: Malam, a Legas wa yake da dare? Kowa na kan hanya.

Hajiya Binta mai abinci: To bari in zo kan nawa. Dokar farko: yara su fara ci. Mu Hausawa mun saba a ba maza, a ba mata, yara su samu abin da ya rage, shi ya sa suke zagaye tukunya suna shiga ƙafar masu rabo. Ki juya abin. Ƙarfe ɗaya da rabi a zaunar da su a tabarma, manya daban ƙanana daban, a wanke musu hannu da sabulu, a ba kowa nasa. Yaron da ya ƙoshi ba ya rigima. Kada a yi musu tire ɗaya su biyar, mai ƙarfi ne zai cinye naman.

Tukunyarsu daban, jalof mara yaji, da ƙwai ko naman da aka yanka ƙanana ba ƙashi. Kifi kada ma a fara. Manya kuma ga jalof, ga waina da miyar taushe. Ni lissafina kilo ɗaya na ɗanyar shinkafa mutum bakwai ne manya, yara goma sha biyu, in akwai waina a gefe. Kada ki yarda a ce sai kin yi kala biyar. Kala biyu masu kyau da suka isa sun fi biyar da za a ce "ya ƙare".

Ƙullun waina a garin nan saurin tashi yake saboda ɗumi, in kika kwaɓa da wuri irin na gida kafin azahar ya yi tsami. Cincin da dubulan ki yi su kwana uku kafin ranar, su huce sarai, a rufe a bokiti mai murfi, in ba haka ba laima ta sa su yi laushi. Salak mai mayonis ki manta da shi, abinci ne da ba ya son zama a waje. Shinkafar ma kada a juye ta duka a kula tun safe, a dafa ta kashi biyu.

Nama kuma ga mayankar Oko-Oba a bayanki, ki tura Baban Khalifa da asuba ranar Asabar.

Malam Nura Alaba Rago: Ko ya zo Alaba Rago ya ɗauki rago sukutum, a samu kai da ƙafa da kayan ciki na farfesu.

Abba Obalende: Malam an shigo da talla. Daga Ojo zuwa Agege da rago a bayan mota, kafin a iso ya rame.

Maman Khalifa: Hajiya na gode ƙwarai. Abin sha fa? Na yi niyyar zoɓo da kunun aya.

Anti Rabi nas: Zoɓo e, kunun aya a'a. Zoɓo tafasa shi ake yi. Kunun aya ɗanye ne, ana markaɗa shi a tace da ruwa, ga dabino ga kwakwa, awa kaɗan ba sanyi ya juya. Ku tuna kwalarar da aka yi a Legas a watan Yunin 2024, cikin abubuwan da jami'an lafiya na jihar suka zarga har da wani kunun aya mara rajista da aka sayar a yankin Eti-Osa. Lokacin damina ne kuma, irin lokacin walimarki. Ƙanƙara ma a sa ta a bayan robobi don sanyi, kada a fasa ta a cikin abin sha, ba ki san da wane ruwa aka yi ta ba.

Hajiya Binta mai abinci: Anti Rabi, a nan kam ba mu tare. Wancan na kan titi ne. Wanda aka yi a gida da ruwa mai kyau, aka wanke injin markaɗe, aka sa a ƙanƙara nan take, me zai yi? Shekara nawa muna yi. Walimar Bahaushe ba kunun aya, mata za su yi magana.

Anti Rabi nas: Hajiya, a hannunki na yarda. Amma ranar hannu nawa ne zai shiga? Injin markaɗen unguwa da aka gama niƙa wake da shi fa? In dai sai an yi, a yi kaɗan da safiyar ranar, na manya kawai, a shanye kafin la'asar. Yara a ba su zoɓo da ruwa.

Hajiya Binta mai abinci: Wannan na yarda. Da blanda ta zan zo.

Baban Ummi Mile 12: Ba a yi maganar maza ba. Rumfa biyu, ɗaya ta mata ɗaya ta yara, mu kuma a ina? Ni dai na ce a kafa ta uku a kan layi gaban gida kamar yadda kowa ke yi.

Injiniya Bashir Apapa: Kowa na yi, amma gwamnatin jihar ta sha gargaɗi kan tare hanya saboda biki. Bayan haka, kana kafa ƙarfe ɗaya a kan layi samarin unguwa za su zo karɓar nasu, in ka ba wannan rukuni wani ya biyo. Kuma get zai kasance a buɗe yini guda, yara na fita na shiga, ga Keke ga babura. Duk abin da Anti Rabi ta tsara ya rushe.

Malam Nura Alaba Rago: Mafita mai sauƙi ce, a raba lokaci maimakon fili. Maza su yi azahar a masallacin unguwa su wuce gidan, ƙarfe biyu a yi karatu da addu'a, a ci abinci, kafin la'asar sun watse. Mu ba ma daɗewa in an ci. Mata su karɓi wurin daga ƙarfe huɗu. Rumfar yara tana nan ba ta motsi. Da haka ba cakuɗuwa, ba kuma wanda ya tare hanya.

Ummu Sultan: Malam, wadda za ta taso daga Ajah da mijinta a mota ɗaya fa? In zauna a mota har ƙarfe huɗu?

Maman Khalifa: Haba Anti, falo na nan ai. Waɗanda suka zo da wuri su shiga ciki wurin Hajiya kakar Khalifa.

Goggo Asabe: Kuma ki rubuta lokacin tashi a saƙon gayyata, kada ki ji kunya. Ƙarfe shida a fara sallama. A Yuli magariba sai wajen bakwai take yi, to kafin nan kowa ya kama hanya, don na Ikorodu da na Ojo suna da tafiya, washegari kuma Litinin. Da duhu ya yi sauro zai fito, yara sun gaji sun fara kuka, nan ne ake ɓatan takalmi da waya.

Sadiya Ketu: Sai tekawe. Ni fa in ba a ba ni na tafiya da shi ba ban je biki ba.

Hajiya Binta mai abinci: Farar robar nan mai kumfa dai an hana ta a Legas tun Janairun 2024, kada wani ya sayar miki da ita a ɓoye. Ki sayi roba mai murfi. Kuma a nan ne ake cin amanar uwar biki: tun ba a gama ba wa na zaune ba, wasu sun cika jaka. Ki zuba na tafiya daban ki kulle a ɗaki, ki ba mutum ɗaya makulli, wadda ba ta jin kunyar kowa.

Abba Obalende: Goggo ke nan.

Goggo Asabe: Ni ina wurin yara, ɗan nema. A ba Sadiya, mai son abu shi ya san tsaronsa.

Malam Nura Alaba Rago: A dai tuna da masu gadi da masu turin baro da 'yan ga-ruwa na layin, yawancinsu 'yan uwanmu ne da suka baro iyali a gida. Hadisi ya ce mafi sharrin abinci shi ne na walimar da ake kiran mawadata a bar talakawa. A zuba nasu da gangan, ba sai in ya rage ba.

Ummu Sultan: Har yanzu ba wanda ya amsa mini in ruwa ya sauko. Rumfa ba ta tare ruwan Legas in ya zo da iska. Yara 60 ina za su?

Injiniya Bashir Apapa: Rumfar a ɗauko mai labule a gefe, a haɗa bakin biyun da leda mai kauri don tsakaninsu ne ruwa ke zuba. A duba kwatar gidan ranar Juma'a a kwashe ta. In filin yana tara ruwa to tabarma ba ta da amfani, sai benci.

Maman Khalifa: Ba ya tarawa sosai, gangare ne zuwa get. Na yi magana da maƙwabciyata ta ƙasa yanzun nan, Maman Tobi, ta ce in ruwa ya zo a shigar da ƙananan falonta, za ta ɗage kujeru. Manyan yara su tsaya a barandar bene. Baban Khalifa kuma zai hau wurin Baba gobe bayan isha'i, zai haɗa da maganar rijiya. Katifar tsalle na fasa, DJ ma haka, Sadiya ki yi haƙuri. Masu kula da yara ina da Goggo da ƙanwata, saura mutum ɗaya na get, namiji nake so wanda yara za su ji tsoronsa.

Abba Obalende: Ni zan tsaya, amma a kafa mai tsire kusa da get.

Anti Rabi nas: Mai tsire can ƙarshen fili zai zauna, bayan benci, inda yaro ba zai kai ga garwashi ba. Za a aiko maka naka.

Hajiya Binta mai abinci: Shara fa? A tanadi manyan ledoji tun farko, a gaya wa masu motar shara akwai ƙari ranar Litinin, kada a bar wa mai gida tuli a bakin get. Maman Khalifa, tandar waina nawa gare ki? Ɗaya ba za ta yi ba.

Maman Khalifa: Ɗaya ce Hajiya, mai gida goma sha biyu.

Hajiya Binta mai abinci: Zan zo da biyu. Wa ke da ta huɗu a kusa da Agege?